Rariya Biyu: Yadda Na Koma Tace Saƙonnin Tirela da Manhaja

Aikin ya zo mini ne ta hannun wani rewaya da muka saba, mai duba wutar manyan motoci a wani gareji da ke gefen hanyar Zariya a Kano. Maigidansa Alhaji ne mai tireloli da ke dakon kaya tsakanin Kano da Legas, yana son na'urar da za ta riƙa aiko masa da labarin mota tana tafe: gudun da ake yi, zafin injin, man da injin ya sha da wanda ya rage a tanki, da lambar matsala idan ƙwaƙwalwar injin ta hango wata. Yana da na'urar bin sawu irin ta kasuwa, amma ita wuri kawai take nunawa. Na ce zan iya. Na taɓa karanta bayanan ƙaramar mota ta soket ɗin OBD, inda makanikai ke jona na'urar duba mota, sai na ɗauka tirela ma girma ne kawai ya bambanta ta. Wata huɗu aikin ya ci, kuma fiye da rabinsu a kan abu guda suka tafi, wato yadda za a tace saƙonnin da ke yawo a wayar motar a ɗauki na buƙata a zubar da saura.

Ga wanda bai saba ba, ƙwaƙwalen mota suna magana da juna ne ta wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu da ake kira layin CAN, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Babu mai aika wa wani wasiƙa a ɓoye. Kowace ƙwaƙwalwa shela take yi kamar sanƙira, kowa na ji, wanda abin ya shafa ya ɗauka. Kowane saƙo yana da lambar shaida a gaba, sai bayani da bai wuce bayit 8 ba. A ƙananan motoci lambar shaidar yawanci bit 11 ce. A manyan motoci masu bin ƙa'idar J1939 bit 29 ce, layin kuma kan gudu a kilobit 250 cikin daƙiƙa. Saƙo cikakke mai doguwar lamba yana cin bit 131 ko sama da haka, don haka in layi ya cika maƙil zai iya ɗaukar kusan saƙo 1,900 a daƙiƙa guda. Tirelar Alhaji ba ta cika layi ba, amma ɗaruruwa ne ke wucewa kowace daƙiƙa, ni kuwa iri goma kacal nake nema.

Na fara da abin da na samu a kasuwar Sabon Gari: allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta da ake zuba wa manhaja, da ƙaramin allo mai aisin MCP2515 mai karanta layin CAN, da mai rage wuta domin tirela bolt 24 take amfani da shi. Kwana biyu ina zuwa gareji ina zaman jiran mota ta dawo daga sauke kaya. Da ta shigo, rewaya ya cire kan batir, muka nemo wayoyin a bayan dashbod, na ɗora mita ta nuna om 60, alamar rezista biyu masu om 120 da ke ƙarshen layin suna nan lafiya. Muka mayar da batir, na jona allona, direba ya murɗa makulli. Nan take dashbod ya kama da fitilu ja da rawaya. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, me ka taɓa mini?" Gumi ya karyo mini. Na zare wayata, aka kashe aka sake kunnawa, komai ya koma daidai. Da na koma gida na haska allon da tocila, sai na ga kiristal ɗinsa megahaz 8 ne, ni kuma na bar manhajar a kan 16. Allona yana sauraro a rabin gudun layin, duk saƙon da ya ji sai ya ɗauka gurɓatacce ne ya buga alamar kuskure a kan wayar, ya lalata wa kowa magana. Tun daga ranar ban sake jona komai a motar mutum ba sai a yanayin sauraro kawai, wanda na'ura ba ta iya furta ko bit ɗaya.

Da na gyara wannan, sai na shiga maganar rariya. Aisin CAN yakan zo da rariyarsa a cikin ƙarfe, mai abu biyu: lambar da kake nema, da wata lamba da takardar aisin ta kira mask, ni na sa mata suna lulluɓi. Ka ɗauka an ajiye maigadi a ƙofa an ce masa ya duba haruffa ukun farko na lambar mota kawai, na ƙaramar hukuma, sauran ba ruwansa. Lambar da aka ba shi ita ce abin nema, umarnin inda zai duba shi ne lulluɓi. MCP2515 yana da lulluɓi biyu da rariya shida da akwatin karɓa biyu. Rariya biyu na aiki da lulluɓin farko, huɗu da na biyu. A wurinsa, bit ɗin lulluɓi da ke 1 yana nufin a duba nan, 0 kuma a kau da kai.

Lambar J1939 mai bit 29 kashi-kashi ce. Bit uku na sama fifiko ne, takwas na ƙasa adireshin wanda ya yi maganar, na tsakiya kuma su ne lambar nau'in saƙo, PGN. Nawa goman a rubutun heksa su ne F003 da F004 na totur da juyin injin, FEF1 na gudu, FEF2 na shan mai, FEF7 na batir, FEFC na man tanki, FEEE na zafi, FEEF na matsin baƙin mai, FEC1 na nisan tafiya, da FECA na lambobin matsala. Goma ba za su shiga gurbi shida ba, sai na yi dabara. Lulluɓin farko na sa shi 03FFFF00, yana duba PGN gaba ɗaya, na ba shi F003 da F004. Na biyu na sa shi 03FFF000, ya kau da kai daga harafin ƙarshe, sai rariya uku suka kwashe dangin FEF da FEE da FEC, ta shidan na maimaita ɗaya daga cikinsu. Wasu baƙi na biyo ayari, amma kaɗan ne, layi biyu na manhaja sun isa korarsu. Ya yi aiki, har na fara jin kaina.

Sai Arduino ya gaza. Ma'ajiyar aikinsa kilobayit 2 ce, ga modem, ga GPS, ga buƙatar adana bayani a inda babu sabis. Na yanke shawarar komawa ESP32, wani aisi da ya fi shi ƙarfi, wanda ke da CAN a cikinsa, suna kiransa TWAI, ƙaramin tiransiba, mai haɗa shi da wayoyin layin, kawai za ka ƙara masa. Kaya sun ragu, wuraren dalma sun ragu, abin da ke da muhimmanci a motar da za ta sha jijjiga daga Kano zuwa Legas. Katin bankina bai biya kuɗin odar ba, sai da na bi ta hannun wani mai shigo da kayan waya, ya ɗora ladansa a kai. Mako uku na jira. A cikin makonnin nan da na buɗe takardar aisin na karanta babin rariya da na huta, amma ban buɗe ba.

Da kaya suka iso na koma gareji, na kwafi lamba da lulluɓin F004 yadda suke na zuba. Shiru, ko saƙo ɗaya. Na zargi tiransiba, na canja, na zargi dalma, na sake. Da na buɗe ƙofa gaba ɗaya sai saƙonni suka kwararo, na gane laifin na rariya ne. A nan na ga cewa rijistar TWAI bit 32 ce, lambar shaida kuma daga hagu take farawa, don haka doguwar lamba sai an tura ta hagu da gurbi 3, gajeriya da gurbi 21. Na tura, na sa cikakkiyar lambar 0CF00400, sai ga juyin injin ya fito. Na yi hamdala na kira rewaya ya zo ya gani. Muna kallo, injin na zaune a silo, sai lambar ta yi tsalle zuwa juyi 8191 a minti ta dawo, ta sake tsalle. Rewaya ya yi dariya ya ce, "Injiniya, in wannan injin ya kai haka ai sai dai mu tsinto fistin a Kwanar Dangora."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da ya faru shi ne lulluɓin TWAI a juye yake, gadon tsarin tsohon aisin SJA1000: a wurinsa 1 na nufin a kau da kai, 0 a duba. Ni da nake cewa a duba PGN a manta da saura, sai na ce a manta da PGN a duba fifiko da adireshi. Duk saƙon injin mai fifiko 3 ya samu shiga, ciki har da F003. 'Yar manhajar gwajina kuwa duk abin da ya shigo F004 take ɗaukarsa, ta karanta bayit na 4 da na 5 ta ninka da 0.125. A saƙon F003 na wannan motar guraben nan biyu FF ne, alamar babu bayani, kuma 65,535 sau 0.125 shi ne 8191 da 'yan kai. Kuskuren da ya ba ka shiru mai sauƙi ne. Wanda ya ba ka amsa mai kama da gaskiya shi ke cin kwanaki. Gyaran layi ɗaya ne: ka tura lulluɓin hagu da 3, sannan ka juya dukkan bit ɗinsa.

Bayan nan ne na ci karo da ainihin katangar. TWAI rariya ɗaya gare shi. Na zauna da biro na lissafa wane lulluɓi ɗaya ne zai bar duka goman su wuce. Hanyar ita ce ka jera lambobin, duk gurbin da suka saɓa ka kau da kai daga gare shi. Rabin PGN na ƙasa sun saɓa a dukkan gurabe takwas. A na sama, F0 da FE sun haɗu a biyar. Sakamakon rariya ce da ke barin nau'i 2,048 su wuce, kuma kusan duk surutun motar dama a dangin F0 da FE yake. Ƙofa ce a buɗe da sunan rariya. Sai na ce to, tunda ƙarfe ya ƙi, bari in gina irin ta MCP2515 a manhaja, in ma ƙara mata gurabe.

Rubutun bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Jadawali ne, kowane layi na ɗauke da lamba, da lulluɓi, da alamar doguwa ce ko gajeriya, da aikin da za a kira in an dace. Gwajin shi ne ka haɗa lambar da ta shigo da ta jadawali ta XOR, mai nuna guraben da suka saɓa, ka haɗa sakamakon da lulluɓi ta AND, mai barin guraben da aka ce a duba kawai, in sifili ya fito sun dace. Na kwaikwayi ƙarfe a abubuwa uku da mutum kan manta. Alamar tsawon lamba dole a duba ta, domin gajeriyar 123 da doguwar 00000123 saƙonni ne daban. Wanda ya fara dacewa shi ke da saƙon, don haka masu neman lamba tsaf na sa su a sama, masu kwasar dangi a ƙasa, kamar yadda aisin STM32 ke fifita rariyar jeri a kan ta lulluɓi. Kuma rariyar tana dawo da lambar layin da ya dace, irin abin da MCP2515 ke yi da FILHIT, don kada a sake bincike a gaba. Na kuma zaɓi 1 ya zama a duba, kamar yadda Linux da MCP2515 da STM32 suke, na ware aiki guda ɗaya tak da ke juya shi idan za a rubuta wa TWAI. Ban ƙara yarda in juya lulluɓi da ka ba.

Na gwada a gareji injin na silo, komai ya fito tsaf. Muka ɗaure na'urar a bayan dashbod, mota ta ɗauki kaya ta tafi. Kwana biyar bayan nan Alhaji ya kira ni da kansa. Na'urata ta nuna man da injin ya sha bai kai wanda ya ragu a tanki ba, tazarar kuma babba ce. Ya ce dama yana zargi, zai kira direban. Gabana ya faɗi, domin na san yadda na yi lissafin. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a dakata. Ban tabbatar da na'urar ba tukuna, kada a taɓa mutuncin bawan Allah a kan lissafina." Ya yi jim, ya ce ya ba ni mako guda.

Ga abin da na yi. Saƙon FEF2 yana zuwa duk milisakan 100, yana faɗin lita nawa injin ke sha a awa. Ni kuma duk wanda ya shigo sai in ɗauka ya wakilci milisakan 100 in tara. In saƙo ya ɓace, man wannan lokacin ya ɓace daga lissafi, alhali ya ƙone a injin. Tambayar ita ce ko saƙonni na ɓacewa. Manhajar da ke sarrafa TWAI tana da ƙidaya biyu na saƙonnin da suka ɓace da ban taɓa leƙawa ba, rx_missed_count na layin jira da rx_overrun_count na akwatin ƙarfe. Da motar ta dawo na kunna na duba ta farkon, cikin 'yan mintoci ta haura dubbai.

A nan na fahimci abin da ya kamata in fahimta tun farko. Lissafin rariya na kwaikwaya, ban kwaikwayi wurin da take tsaye ba. Ta ƙarfe a bakin ƙofa take, saƙon da ta kora bai taɓa zama a kujera ba, bai tashi kowa daga aiki ba. Tawa kuwa a cikin ɗaki take. Kowane saƙo, na buƙata da na banza, sai ya shigo ya katse masarrafi, ya hau layin jira, sannan in zo in duba shi. Layin jiran nan tsawonsa na asali saƙo 5 ne, ban taɓa shi ba. Manhajata kuma zagaye ɗaya ce: ta karanta CAN, ta karanta GPS, ta tura wa modem umarni ta tsaya jiran amsa. A gareji sabis na da ƙarfi, modem na amsawa nan da nan. A hanya yakan yi daƙiƙu bai amsa ba. Gurbi biyar na cika cikin ƙiftawar ido da saƙonnin da ma zubar da su zan yi, duk wanda ya zo bayansu ya faɗi ƙasa, har da na mai. Direban bai saci ko lita ɗaya ba. Na je har ofis na faɗa wa Alhaji haka a gaban rewaya, kuma ban ji daɗin bakina ba.

Na daina gwaji a jikin mota. Na ari adaftar CAN ta USB wurin wani aboki, na sa Linux a tsohuwar laftof ɗina. Tsarin SocketCAN, wanda Linux ke karanta layin CAN da shi, ya shiga Linux tun 2008, gudummawar sashen bincike na Volkswagen, kuma abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne su ma a manhaja suke tacewa, domin manhajoji da yawa na iya sauraron layi ɗaya kowacce da buƙatarta, rariyar ƙarfe kuwa ɗaya ce ga kowa. Bambancin shi ne su suna da ma'ajiya mai faɗi. Na roƙi direban nan dai, wanda har yanzu bai san abin da ya kusa faruwa ba, muka zaga da motar na kusan awa ɗaya ina naɗar komai da candump. A gida sai in sake kunna naɗin da canplayer a kan tebur, sau nawa nake so.

Teburin ma sai da ya koya mini abu. Na haɗa adafta da ESP32 da rezista biyu, na kunna naɗi, sai saƙo ɗaya ya yi ta maimaituwa ba iyaka. A CAN, mai aikawa yana jiran wani ya amsa masa cewa an ji, in babu sai ya yi ta sakewa. Na'urata tana yanayin sauraro, ba ta amsawa, babu kuma kowa a layin. Na ɗauko tsohon allon MCP2515 na jona shi a matsayin ɗan amshi. Abin lura, yana amsa kowane saƙo lafiyayye, har wanda rariyarsa ta kora, domin amsawa na faruwa ba tare da la'akari da rariya ba. Wanda ke tsoron cewa sauya rariya zai sauya abin da sauran ƙwaƙwalen ke gani a waya, ya kwantar da hankalinsa.

Gyaran ya zama uku. Na ware wa CAN aikinsa shi kaɗai mai babban fifiko, a kan ɗaya daga cikin ƙwayoyin masarrafin biyu, ba ya komai sai ɗauka da tacewa da ajiye sabon ƙima a gurbinta. Modem ya koma can gefe, ya yi ta jiransa. Na tsawaita layin jira zuwa 128. Lissafin mai kuma na mayar da shi kan agogo, ana auna ainihin tazarar da ke tsakanin saƙo da saƙo, in tazarar ta yi yawa a rubuta cewa akwai giɓi. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: in sa candump ya tace naɗin da lamba da lulluɓi iri ɗaya, in ƙirga, in gwada da ƙidayar kowane layi na jadawalina. Sai da suka zo daidai har saƙo na ƙarshe na mayar da na'urar mota, wannan karon tana aiko mini da ƙidayar ɓata biyun nan tare da sauran bayanai.

Tafiya ta biyu ƙidayar farko ta tsaya a sifili, amma ta biyun ta riƙa motsi jefi-jefi. Da na ɗora lokutan a kan taswira, duk a wuraren da sabis ke yankewa ne. A irin wuraren nan na'urar na rubuta bayani a ma'ajiyar filash ta ciki. Yayin goge sashe guda, wanda kan ɗauki goman milisakan, duk manhajar da ke zaune a filash tsayawa take, har da mai kwashe saƙo daga ƙarfe. Akwatin ƙarfen TWAI bayit 64 ne, cikakken saƙo mai doguwar lamba na cin 13, wato huɗu kawai yake ɗauka. Akwai zaɓin da ke mayar da mai kwashewar cikin ma'ajiyar aiki, CONFIG_TWAI_ISR_IN_IRAM, amma a manhajar Arduino da nake rubuta wa ESP32 aiki da ita an riga an dafa wannan ɓangaren, ba a sauya shi cikin sauƙi. Na kwashe aikin gaba ɗaya zuwa ESP-IDF, kayan rubuta manhaja na kamfanin da ya ƙera ESP32. Mako guda ya tafi, rabinsa a jiran wuta da cajin laftof a shagon maƙwabci.

Wannan ne ya mayar da ni ga rariyar ƙarfen da na raina. TWAI na da yanayin da ke raba rariyar gida biyu, sai dai a doguwar lamba kowacce bit 16 na sama kaɗai take gani: fifiko, da rabin PGN na sama, da bit uku daga na ƙasa. Da farko na ɗauka wannan bai da amfani. Da na sake lissafi sai na ga ta farko za ta iya tsayawa a kan F000 zuwa F01F, ta biyu a kan FEC0 zuwa FEFF, nau'i 96 maimakon 2,048. Ba ta tace tsaf, amma tana rage cunkoso a bakin ƙofa, musamman a lokacin da manhaja ta tsaya cak. Kamar mai tankaɗe ce da ke fara wucewa da babbar rariya kafin mai laushi.

Saura guda, kuma rewaya ne ya gano shi. Wata rana ya ce na'urarsa ta duba mota na nuna matsala biyu, tawa kuma ba ta nuna komai. Saƙon FECA na ɗaukar bayit biyu na fitilu da huɗu ga kowace matsala. Matsala ɗaya na shiga cikin bayit 8. Da sun zama biyu sun kai 10, sai ƙwaƙwalwar ta daina aiko shi da sunan FECA, ta yanka shi gunduwa-gunduwa: sanarwa a ƙarƙashin EC00, gutsattsarin a ƙarƙashin EB00, ainihin PGN ɗin kuma yana cikin bayanin sanarwar. Rariyoyina biyu duk korarsu suke yi. Wato motar da ta fi ciwo ita ce na'urata ke cewa lafiyarta ƙalau. A manhaja layi biyu na ƙara, da 'yar dubawa a cikin bayit ɗin sanarwa, abin da rariyar ƙarfe ba ta iyawa a doguwar lamba. A ƙarfe kuma na faɗaɗa rariya ta biyu ta haɗa FE da EB da EC, tunda waɗannan gutsattsarin adireshinsu FF ne, ya faɗa cikin zangon C0 zuwa FF da ma nake bari. A waɗannan nau'o'in da ke ƙasa da F000, bayit na biyu adireshin wanda aka nufa ne, ba ya cikin PGN, sai a kula wajen lulluɓi.

Wanda zai bi wannan hanya, ga abin da zan ce masa. Ya fara naɗar motar kafin ya rubuta ko layi ɗaya, domin naɗin ne zai gaya masa su wa ke magana da sau nawa. A nawa naɗin na ga FEF1 na fitowa daga adireshi fiye da ɗaya, wani da gudu a ciki wani da FF, kuma a nan manhaja ta fi ƙarfe, domin ina iya zaɓar adireshi ga kowace mota daga nesa ba tare da tsayar da aisin ba. Ya karanta babin rariya na aisinsa da biro a hannu, ya tabbatar me 1 ke nufi da kuma ta wane gefe lambar ke farawa. Ya gwada rariyarsa da saƙon da bai kamata ya wuce ba, kada ya tsaya a kan wanda ya kamata. Ya sa ido a kan ƙidayar ɓata tun ranar farko, ya kuma gwada a lokacin da modem ke jan ƙafa da lokacin da ake rubutu a filash. In ƙaramar mota ce mai bit 11, bai ma buƙatar jadawali: lambobi 2,048 ne duka, bit ɗaya ga kowacce bayit 256 ke nan, dubawa ɗaya ta wadatar. A bit 29 wannan dabara za ta nemi megabayit 64, don haka sai jadawali, kuma layi goma sha biyu ba komai ba ne ga masarrafi mai megahaz 240. In kuma nau'o'insa kaɗan ne, na'urar na bukatar yin barci don adana batir, to ya nemi aisi mai yalwar rariya tun farko, STM32F103 ma yana da rukuni 14.

Yanzu na'urar na kan tireloli uku. Ta ukun da muka ɗaura makon jiya ba ta aiko da FEFC a layin da muka jona ko kaɗan, ma'aunin tankinta kai tsaye yake tafiya dashbod ta wata waya daban. Na gaya wa Alhaji wannan ba aikin rariya ba ne, sai an ƙara ma'auni a tankin. Ya ce in kawo masa lissafin kuɗin ranar Asabar, in taho da rewaya.